Mai Jan Tabarau

Matar yayanta ce ta kawo maganar, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Auta, kin san ni ba na son tsegumi."

Mai shirin tsegumi da haka yake buɗe baki, don haka Auta ta ture takardun ɗaliban da take dubawa, ta gyara zama.

"Jiya a bas na zauna bayan mutumin naki. Bai gan ni ba, kansa na cikin waya yana zane da yatsa. Mace yake zanawa, Auta. Da ya gama ya koma yana duba na baya, wallahi ita ce dai, ita ce dai, kamar ba a halicci wata ba. Mai jan tabarau."

Auta ta kai hannu ta taɓa nata tabarau. Baƙi ne wuluk.

"Kin kuwa san mai sa ja a layin shagonsu. Yarinyar bankin nan, mai tafiya kamar ba ta son taka ƙasa."

Umma na bakin ƙofa, ta ji komai. Kafin la'asar Baba ma ya ji.

Auta malamar lissafi ce, kuma ta daɗe tana fama da ido ba ta sani ba. Ita a zatonta haka duniya take ga kowa, dishi-dishi. Sai ran da ta tsaya tana yi wa wani ɗalibin layin baya faɗa kan barci, aji ya fashe da dariya, ashe jakunkuna ne aka tara a kujera. Washegari ta je aka auna idonta, aka tura ta shagon tabarau.

A nan ta same shi, dogo, hannun riga a naɗe, yana goge madubi.

Akwai wani abu da masu lafiyar ido ba su sani ba. Gilashin da ke jikin tabaraun gwaji ba na magani ba ne. Mai raunin ido zai sa, ya tsaya gaban madubi, bai ga komai ba sai inuwa. Ga shi mai shagon ya hana ɗaukar hoton kwastoma tun ranar da wani miji ya zo ya tayar da ƙura. Shi ya sa saurayin ya nemo dabara. Yana da wata 'yar manhajar zane a waya, ba ta da wani tarkace: farin shafi, alƙalami, launuka kaɗan, sai abin gogewa. Ya dube ka, ya ja layuka da yatsa, ya ɗora maka tabarau, ya miƙo. Ka kai wayar kusa da hanci ka ga kanka. In ka zaɓa, ya goge a gabanka.

Auta ta sa wannan ta cire, ta sa wancan ta cire, shi yana gefe yatsansa na tafiya.

"Malama, kin gwada rabin shagon. Wanne ya kwanta miki?"

"Ina na sani? Ni duk ɗaya nake ganinsu. Ba ni baƙi kawai, aji zan shiga, ba biki ba."

Ya zana ta da baƙin, ya miƙa mata. Ta kai wayar dab da ido.

"Hancina bai kai haka ba."

"Ai ragewa ma na yi."

Ta harare shi, ko da yake ba ta tabbata hararar ta sauka inda ya kamata ba.

Ran da aka haɗa gilashin, shi ya sa mata da kansa. Duniya ta washe tas, kuma abin da ta fara gani sarai shi ne fuskarsa, da ɗan tabo a gira, da murmushin da yake ƙoƙarin ɓoyewa.

"Ashe haka kake," ta ce.

"Za a mayar da kayan ne?"

"A'a. A bar su."

Da yamma saƙo ya shigo:

"Malama, shago na bibiyar kwastomominsa. Ya gilashi? Ba ya ciwon kai?"

Ta amsa: "Duk kwastoma ake bibiya, ko masu babban hanci kawai?"

"Ke ce ta farko. In tsarin ya yi kyau, ke ce ta ƙarshe."

Daga nan ta koma Malamata, shi kuma ya koma Likitan Bogi. Yana raka ta tashar bas, yana riƙe mata takardu, tana yi masa gyaran lissafi ko bai tambaya ba.

Baba tun farko bai so ba. "Mutumin da sana'arsa kallon fuskar matan mutane," in ji shi, "wace natsuwa 'yata za ta samu?" Umma ce ta riƙa lallaɓa shi har ya fara saukowa. Yanzu da wannan labari ya zo, sai ya kira Auta falo.

"Ruwa ba ya tsami banza. Kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Auta ba ta yi kuka ba. Malamar lissafi ba ta karɓar amsa sai ta ga yadda aka yi aikin. Ta ƙudura sai ta gani da idonta, tunda an ce gani ya kori ji. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa kallon abu da zuciya tana tafasa ba.

Ta fara da banki. Ta bi layi, ta tsallake tagogi biyu da babu kowa, ta tsaya gaban mai jan tabarau. Kyakkyawa ce, babu ƙarya, idanu manya tar.

"Tabaraunki ya yi kyau."

"Na gode, 'yar'uwa. Ado ne kawai, ni idona lafiya lau. A shagon can na saya." Ta gyara shi da ɗan yatsa. "Mutumin wurin har zana ni ya yi. Ya daɗe yana kallona, sai da na ji kunya. Me za a yi miki?"

"An riga an yi min," Auta ta ce, ta juya.

Ta tsallaka titi ba ta duba mota ba, ta faɗa shagon tabarau. Yana ganinta fuskarsa ta cika da fara'a.

"Malamata! Yau ba aji?"

"Ba ni wayarka."

Ya miƙa ba musu, ya buɗe mata manhajar da kansa. Ta fara turawa. Ga ta nan. Layuka kaɗan ne, baƙi a kan fari, sai tabaraun da aka cika da ja kamar jini. Matar ta miƙo wuya gaba, ta ƙanƙance ido, ta tattare goshi, baki a ɗan buɗe. Wani zanen daga gefe, wani daga gaba, wani ido da gira kawai. Abin da ya fi ƙona wa Auta rai shi ne yadda aka ja layukan. An bi su a hankali, an goge an sake, kamar mai shafa kan jariri.

"Ka ce gogewa kake yi."

"Ina gogewa. Wannan ce na kasa."

"Ko kunya ba ka ji ba?"

"Malamata, ke ce fa."

Ta yi wata dariya mara daɗi. "Ni? Don ka sayar min da gilashi sai ka ɗauka makauniya ce? Yaushe na taɓa sa ja?"

"Ranar farko. Kin sa kin cire."

"Yaushe na taɓa yamutsa fuska haka kamar wadda ta sha tsami? Na fito daga bankin yanzu. Ta ce ka daɗe kana kallonta."

"Na kalle ta kamar yadda nake kallon kowa. Aikin ke nan."

"To ka ci gaba da aiki."

Ta dire wayar a kan teburin gilashin shagon har tabarau suka yi ƙara, ta fita.

An ce kishi kumallon mata. Maza ne suka ƙirƙiro zancen don a manta da nasu. Amma dai Auta ta sha nata kason. Tana rubutu a allo, sai ta ga sifiri biyu sun zama jan tabarau. Wata ɗaliba ta zo da jan biro, ta ƙwace ba dalili. Saƙonninsa na shigowa tana karantawa ba ta amsawa.

"Malamata, ko zagi ne ki turo, in san kina lafiya."

"Na raka inuwarki tasha yau. Ba ta gyara min lissafi ba."

"Ki ba ni dama ɗaya a gaban Umma da Baba. In na faɗi, ki ba ni sifiri, ba zan nemi a sake duba takarda ba."

Wannan na ƙarshen ta amsa: "Baba ya ce kada ya ji sunanka."

"To zan zo ba suna."

Ranar hutu da hantsi ya zo, da 'yar ƙaramar akwati a hannu. Baba ya ce a ce ba ya nan, da ƙarfi yadda baƙon zai ji. Umma ta ce, "Ai ko ɓarawo ana jin ta bakinsa," ta buɗe ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe su. Matar yaya ta fito daga kicin da ludayi a hannu, don ba a yin irin wannan ba ita. Auta ta tsaya jikin labule ta harɗe hannu.

Ya buɗe zanen, ya ba Umma wayar. Sannan ya buɗe akwatin. Jan tabarau ne, na gwaji.

"Baba, ina neman alfarma. A ce ta cire nata ta sa wannan."

"Ba zan sa kayan wata ba," in ji Auta.

"Sa," Baba ya ce. "A gama wasan nan in koma jaridata."

Ta cire nata a fusace, ta ɗora jan. Falon ya narke, mutane suka koma inuwoyi.

"Malamata," ya ce a hankali daga can bakin ƙofa, "ƙarfe nawa agogon bangon nan ya nuna?"

Ta juya wajen agogon. Ba ta san ta miƙa wuya ba. Ba ta san ta ƙanƙance ido, ta tattare goshi, bakinta ya ɗan buɗe ba.

Sai Umma ta dubi waya, ta dubi 'yarta, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Wayyo ni! Wannan fuskar ai tun tana rarrafe nake ganinta. Haka take yi in aka yi sallama tana leƙen ko waye."

Baba ya karɓi wayar, ya nisanta ta, ya kusanto ta. Gemunsa na rawa don dariyar da yake dannewa. Matar yaya ta leƙo ta kafaɗarsa.

"To ni ai tabaraun na gani," ta ce, ta koma kicin da sauri.

"Me kuke gani?" Auta ta tambaya. "Wai me kuke gani?"

Ta fizge jan ta mayar da nata, ta ruga gaban madubin falo. Fuska ce lafiyayya ta dube ta, goshi a sake, ido a buɗe.

"Ba ta kama da ni."

"Tsaya in ɗauke ki hoto ki gani," in ji Umma.

"Allah ya kiyaye! Ba mai ɗaukata hoto a haka."

Baba ya yi gyaran murya, ya dubi saurayin. "Kai kuma. Dokar shagonku ta ce a goge. Ka ajiye fuskar 'yata a aljihu ba da izinin kowa ba."

"Na yi laifi, Baba. Ranar da ta sa shi, ta kalli inda nake tana nemana ba ta gan ni ba. Na kai yatsa zan goge, hannuna ya ƙi. Tun daga nan kullum sai na sake gwadawa ko zan kama yadda ta yi."

"To me ye hukuncin mai irin wannan laifi?"

"Hukuncinsa," Umma ta ce tana share hawayen dariya, "ya ɗauki mai fuskar gaba ɗaya, mu huta."

Baba ya buɗe jaridarsa ya ɓoye a bayanta. Daga can ciki muryarsa ta fito: "Ka turo manyanka."

A bakin ƙofa Auta ta tare shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ita ta bankin, ka daɗe kana kallonta?"

"Ta ƙi tsayawa wuri ɗaya ne."

"Daga yau mata su je wani shagon."

"Sai mu ci me, Malamata?"

"Ka ci lissafi."

Aka ɗaura aure bayan an rufe makarantu. Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa su ga alherin juna. Umma ta ƙara da cewa Allah ya sa jikokin su ɗauko idon ubansu. Aka ce amin, matar yaya ta fi kowa ɗaga murya.

Ko bayan sun tare, Auta ba ta sauka gaba ɗaya ba. Wani lokacin tana shirin fita aiki sai ta ɗauki wayarsa, ta buɗe zanen, ta daɗe tana kallo.

"Likitan Bogi, tsakani da Allah, ni da wannan wa ka fi so?"

"Wannan ba ta ƙwace wa yara biro."

Ta jefe shi da matashi.

Yarinyar banki sau ɗaya aka zana ta, ranar da ta sayi tabarau, kuma a gabanta aka goge. Matar da ke cikin wayar Auta ce.