Motar da Ba Ta Rawa

Ranar Asabar da hantsi Sufeto Yusufu na zaune a caji ofis ɗin Gummi yana fama da shayin da ya riga ya huce, sai ga Malam Daniel ya faɗo, ko sallama bai ƙarasa ba.

Duk Gummi an san Daniel. Shi ke ba da magani a asibitin gari, mutum mai sanyin hali, amma da an ambaci mota sai ka ce an canja shi. Yana da wata jar Fijo mai ƙofa biyu da ya saya a hannun wani injiniyan kamfanin hanya, kuma tare da motar ya gaji wasan da injiniyoyin suka bari. In rani ya yi fadama ta bushe, sai a jera ganguna a fili, kowace mota ta shiga ita kaɗai tana kewaye su, ana duba agogo. Mutanen gari na ce musu mahaukata, amma ba mai yarda kallon ya wuce shi.

"Sufeto, an sace mini shokozoba, ƙarafan nan da ke hana mota jijjiga," in ji Daniel. "Sababbi fil, daga Kaduna aka kawo mini. Ga gasa Asabar mai zuwa."

"A ina aka sace?"

"Garejin Baba Malami. Jiya da safe ya cire tsofaffin, ya ce in an sauko Juma'a zai ɗaura sababbin. Ya dawo ya tarar babu."

Sufeto ya ture kofin, ya ƙwala wa Kofur Obadiya kira ya tayar da Landiroba.

Malami tsohon bakanike ne, gemu duk furfura. Irin mutumin da direba zai bar wa mota da jakarsa a ciki, ya tafi gida ya yi barcinsa. Suka same shi zaune a kan taya, jar motar na ɗage a kan jak kusa da shi.

Sufeto ya fara da ƙofar ɗakin kaya. Kwaɗon lafiya lau, ko ƙwarzane babu. A ciki ga kwali a buɗe, shokozoba biyu masu fenti ruwan ɗorawa na kwance a ciki.

"Ai ba duka aka kwashe ba."

"Na gaba ne waɗannan," in ji Daniel. "Na baya aka ɗauka."

Ɓarawon da zai kai kasuwa ba ya barin rabi. Wanda ya yi wannan ya san abin da ya zo nema.

A bakin ƙofa, daidai inda mai shiga zai tsallaka, akwai wani buhu a ɗaure tsaf da sabuwar igiya. Ya taɓa shi da ƙafa.

"Wannan fa?"

"Tsoffin shokozobar na, Yallaɓai," in ji Malami. "Malam Daniel ya ce in yi yadda nig ga dama da su."

"Makullin ɗakin nan, a ina yake kwana?"

"Aljihuna. Ba ya rabuwa da ni."

"A'a, Baba," in ji Daniel, da zuciya ɗaya. "Ranar Juma'a ai a ƙusar zaurenka kake rataye shi in ka canja riga. Ni kaina ka taɓa aike na na ɗauko."

Tsoho ya sunkuyar da kai.

"Wa ke shiga zaurenka lokacin sallar Juma'a?" Sufeto ya tambaya.

Malami ya daɗe yana murza tsumman da ke hannunsa. Can ya miƙe, ya miƙo hannuwa biyu.

"Ni nid ɗauka, Yallaɓai. Na saida su."

"Ka sayar wa wa?"

"Wani baƙo."

"Yaya kamanninsa?"

"Ban duba ba."

Ƙarya ce, kuma ƙaryar wanda bai saba ba, har tausayi take ba mutum. Amma ya faɗa a gaban mai kaya da Kofur da direbobin da suka taru a bakin gareji. Dole Sufeto ya tafi da shi. Bai dai sa masa ankwa ba.

Litinin za a kai shi kotu. In ya maimaita wannan magana a gaban alƙali, gidan yari zai tafi da furfurarsa, kuma ko ya fito ba direban da zai sake ba shi makullin mota. Sufeto ya san haka, Malami ma ya sani.

Da aka sa shi a bayan kanta, Sufeto ya ja Daniel gefe.

"Fahimtar da ni. Me ya bambanta naka da na kowa?"

Ko a cikin damuwa, idon Daniel sai da ya yi haske. "Iri biyu aka nuna mini. Akwai masu laushi, irin waɗanda na cire. Su ba abin da ya same su, sai dai in na sha kwana a kan ganga motar kan kwanta gefe guda, in yi ta ɓata lokaci. Na yi ta tunani kafin na zaɓi masu tauri. Da su mota ba ta rawa, tana manne da ƙasa. Amma na shimfiɗaɗɗen fili ne. Ka hau gargada da su, haƙoranka za su gaya maka."

"Yaya ake gane su in an ɗaura?"

"Danna bayan motar ka saki. Mai laushi za ta yi ƙasa ta dawo. Wannan kamar ka danna dutse."

"Wa ka gaya wa ka sayo su?"

Daniel ya sosa ƙeya. "Ranar da suka iso na buɗe kwalin a tasha, wurin mai shayi. Na ɗan yi baki."

"Me ka ce?"

"Na ce da waɗannan mota ba ta rawa, kome munin wuri."

"Ka faɗa musu zancen haƙoran?"

"Ban kai nan ba."

Washegari da safe mutanen tashar Gummi suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Sufeto guda, da kakinsa da hularsa, yana bin tasi-tasi yana danna musu baya. Kowace ya danna sai ta yi ta lilo kamar gadon da igiyarsa ta saki. Direbobi na ƙunshe dariya, Kofur Obadiya na harararsu.

Ba ko ɗaya mai tauri. Yana share hannu sai ya ji wata mata a rumfar gefe tana ta sababi. Maimunatu ce mai tukwane.

"Lafiya, Iya?"

"Ina lahiya, Yallaɓai! Tukwanena nis sa cikin but ɗin Giɗaɗo jiya za mu Bukkuyum, wallahi ko guda ba ta kai da rai ba. Motag ga da can rawa takai, yanzu ko harbi takai awa jaki."

"Wane ne Giɗaɗo?"

"Maƙwabcina na, direban tasi. Innarshi Iyatu ta hwaɗi bakin rijiya, cinya ta karye, shi na yak kai ta wurin mai ɗori. Ni nir riƙe ta a baya. Ni tukwane nir rasa, amma tsohuwag ga kuka ta yi tun daga Gummi har Bukkuyum. Shi ko yana tuƙi yana hawaye."

"Yana da wata alaƙa da Malami bakanike?"

Ta dube shi kamar ya tambayi inda gabas take. "Surukinshi na! Shi ka auren ɗiyatai Asabe."

Sufeto ya juya wurin direbobi. "A wane gareji Giɗaɗo ke gyara?"

"Shi ka gyaran abinai da kanshi," in ji wani. "Kunya ba ta barin shi zuwa wurin Malami. In ya hango shi a hanya ma, kwana shikai."

Hanyar Bukkuyum a lokacin ba kwalta, gargada ce zalla. Kafin su isa, Kofur Obadiya ya ciji harshensa har ya daina magana.

A ƙofar gidan mai ɗori suka ga farar Fijo a ƙarƙashin bishiyar bedi. Sufeto ya ɗora tafin hannu a kan but ya danna da ƙarfinsa. Ko motsi ba ta yi ba.

Wani dogon mutum siriri ya fito daga zaure, idanunsa jawur.

"Kai ne Giɗaɗo?"

"Ni na, Yallaɓai."

"Ka yi sabon gyara, na gani."

"Gusau nis sawo su, tun watan jiya."

Sufeto ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. An shafe ƙarafan biyu da baƙin mai. Ya sa farce ya kankare, sai ga ruwan ɗorawa ya fito. Ya miƙe ya nuna wa Giɗaɗo farcen.

Daga cikin gida aka ji nishin tsohuwa, mai tsawo, irin na wanda kuka ya ƙare masa.

"Yaya jikin Inna?"

Giɗaɗo ya waiwaya wajen zauren. "Mai ɗori ya ce ƙashin ya goce a hanya. Ya hi ƙarhinshi. Sai babban asibiti, Gusau."

"Allah ya ba ta lafiya. To, ni na zo ne kawai in sanar da kai. Mun kama ɓarawon shokozobar Malam Daniel. Ya amsa da bakinsa, gobe za a kai shi kotu."

"Wa?"

"Malami."

Giɗaɗo ya dafa motar. Sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Baba na bayan kanta?"

"Tun jiya."

"Wallahi bai san kome ba! Ni na, Yallaɓai, ni na. Na kai Asabe gidansu sadda Baba ya tahi masallaci, nig ga makulli ga ƙusa. Ranar ko Juma'a ban samu ba. Na ji Malam Daniel ya ce mota ba ta rawa da su. Nawa sun mutu tuni, ko taɓa Inna anka yi sai ta yi ƙara, nic ce ƙaƙa zan bi da ita hanyag ga? Niyyata in kai ta in maido su kahin gasa."

"Me ya hana ka tambayi Malami? Ga bakanike a gida."

Giɗaɗo ya ɗago, da mamaki na gaske a fuskarsa. "In tsaya gaban surukina in roƙe shi? Da wane ido?"

Sufeto Yusufu ya yi shekaru yana kama ɓarayi, kuma yawancinsu ba ya tuna fuskarsu. Wannan kam ya ji zafinsa har cikin ransa.

Bayan la'asar suka iso Gummi, Kofur na biye da farar motar yana tsine wa kowane rami. Daniel na zaune a bencin caji ofis, ya kawo wa Malami abinci, tsohon ko taɓawa bai yi ba.

Aka buɗe kanta. Malami ya fito, ya ga wanda ke tsaye, sai ya kau da kai wajen bango. Giɗaɗo ya cire takalma ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, ku gahwarce ni."

Tun da aka ɗaura auren, wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi masa.

Malami bai dube shi ba. Wajen Sufeto ya juya.

"Yallaɓai, tambai shi. Da ya shiga ɗakin, bai ga buhu a bakin ƙohwa ba?"

"Na gani," in ji Giɗaɗo a hankali. "Na tsallake shi."

"Nashi na. Tun da nij ji tsohuwa ta karye nike tunanin motatai. Da Malam ya ce in cire masu laushin ga, nig ga lahiyarsu lau, su ad daidai da mai karaya. Niw wanke su nid ɗaure. Ban iya kiran shi in ba shi hannu da hannu, nic ce in yarinyag ga ta zo Juma'a in ba ta ta kai mai. Kahin in dawo masallaci ta koma."

Giɗaɗo ya kifa goshinsa a kan siminti, kafaɗunsa na girgiza.

Daniel ne ya fara motsi. "Sufeto, na janye. Ba na son kome."

"An riga an buɗe fayil, Malam, an shiga wa mutum ɗaki. Ka zo kotu gobe ka faɗa wa alƙali abin da ka faɗa mini, ni ma zan faɗi nawa." Ya gyara hularsa. "Amma shaidata ƙarafan nan biyu ne, motar ba ruwana da ita. Sai dai ba ni da mai cire mini su."

Malami ya riga ya fara naɗe hannun riga.

"In an ɗaura mata masu laushin, ni zan kai Inna Gusau da ita," in ji Daniel.

"Kai?" in ji Kofur Obadiya. "Mai kewaya ganguna?"

"Keke ma zai wuce ni."

Sufeto ya kama Giɗaɗo a kafaɗa ya tashe shi, ya bi da shi ta ƙofar da surukinsa ya fito. Da aka rufe, Giɗaɗo ya matsa jikin 'yar tagar da ke kallon tsakar ofis. Ba ya ganin kome sai ƙafafun tsohon da suka leƙo daga ƙarƙashin farar motar, da buhun a kwance kusa da su, an kwance igiyar.