Shafin Attahiru Da Ya Hana Baƙo Tafiya

Fura ce ta kai ni shagon nan da almuru. Na zo Gusau daga Bungudu ganin ɗiyata, shekarar da soja suka sauka daga mulki, na tarar jikana Attahiru ya yini bai sa komai a ciki ba. Wai yana haɗa wa Alhaji Jibo mai auduga shafi a kwamfuta, don masu saye na nesa su gani.

Shagon yana bayan tasha. Na shiga, warin fetur ɗin janareto ya tare ni.

"Ja'iri, ka mutu ne ko kana da rai?"

"Inna, zo ki ga abin da ke cin raina."

Ya nuna mini gilashin kwamfutar. Na yi yaƙi da jahilci, ina iya haɗa baƙi sannu sannu. Ya ce shafi yana jin lokacin da aka buɗe shi da lokacin da aka rufe shi, kuma kowane lokaci ana iya rubuta masa abin da zai yi. Na buɗewa, ya sa shafin ya ce: Maraba, shigo. Na rufewa kuwa, ya sa wata taga ta sake buɗewa da shafin, wai kada mai saye ya tafi da wuri.

"To yanzu in na rufe ɗaya, biyu ke fitowa. Tun la'asar nake fama."

"Kai, wa ya koya maka cewa shigo da magariba ba ka san wa ke bakin ƙofa ba?"

"Inna, ai ba a haɗa shi da waya ba tukuna. Ba kowa sai ni."

Ya danna, ta rufe, wasu suka ɓullo. Maraba, shigo. Maraba, shigo. Na yi tsaki har haƙorina ya amsa.

Ladan ya kira salla. Janareto ya yi tari ya mutu. Fanka ta tsaya.

Gilashin bai mutu ba.

Wani wari ya taso, irin na tsohuwar rijiya da aka buɗe. Hayaniyar tasha ta ɗauke ɗif. A shafin akwai ɗan gurbi da baƙo ke rubuta sunansa. Hannayen Attahiru suna kan cinyarsa, ina kallonsu, amma maɓallan suna lotsawa da kansu. Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Na haɗa baƙin: SAKE NI.

"Inna," ya ce a hankali, "akwai hannu a wuyana."

Na ja rigarsa. Kamar na ja turmin da aka binne. Taga ta rufe da kanta, wata ta buɗe. Maraba, shigo. Attahiru ya yi kakari, idonsa ya firfito.

Nan na gane. Baƙon so yake ya tafi. Duk sanda ya juya, sai shafin ya sake kiransa.

"Goge wancan umarnin na rufewa!"

"Aikin Alhaji zai..."

"Alhajin ne zai yi maka salla? Goge!"

Ya miƙa hannu. Ya buɗe rubutun. Numfashinsa sai fito yake kamar na ɗan tsako. Ya ɓata layin, ya sake kuskure, ya koma ya goge shi. Ni ina karanta duk abin da na haddace, ina haɗa wata sura da wata.

Ya adana. Ya sabunta shafin.

Na dubi gilashin na ce, "Bawan Allah, yaro ne, bai sani ba. An sallame ka."

Attahiru ya danna. Tagogin suka bi juna suna rufewa. Ta ƙarshe ta daɗe.

Ta rufe.

Wani sanyi ya bi ta gefen kunnena, ƙofa ta bugu. Na finciko Attahiru waje ba takalmi, muka faɗi a gaban mai shayi.

Muryarsa ba ta dawo daidai ba har yau, a dishe yake magana. Ya ci gaba da sana'arsa, amma shafinsa in ka rufe ya rufu ke nan. Alhaji Jibo ya zo har gida yana faɗa, wai a mayar masa da tagar da ke riƙe masu saye. Ni na fito masa. Na ce, "Alhaji, kujerar tana nan. Je ka zauna da magariba ka rubuta da hannunka."

Bai je ba.