Keken da Ke Wucewa ta Gefe

Ƙarfe goma na safe mai shara ta tsinci bindiga a kwandon banɗakin ɗakin jiran jirgi, naɗe cikin guntun soso. Wato ta riga ta tsallake wurin caje, ga shi saura minti arba'in jirgi ya tashi.

Kafin Sufeto ta iso, jami'in tsaron da ake kira Mai Ido ya yi kamu. Shekara ashirin yana tsaron ƙofar nan, kuma na'ura ba ta cika masa ido ba. Shi dai, in ji shi, fuska yake karantawa. Ya damƙe wani tela mai gemu, wanda ya jiƙe sharkaf da gumi.

"Malam, wannan rawar jikin fa?" Sufeto ta tambaye shi.

"Ranki ya daɗe, ban taɓa hawa jirgi ba. Ƙoda zan ba ƙanena, gobe da safe za a yi aikin. In wannan ya tafi ya bar ni, shi ke nan."

Tausayinsa ya hana ta zama. Ta nufi matar da ke kan na'ura.

"Jakarsa sau biyu ta bi, har takalmi ya cire," in ji matar. "Ni kowa ɗaya ne. Ko tsintsiyar mai shara sai na haska ta."

"To me ke wucewa ta gefe?"

Matar ta ce, "Keken marasa lafiya. Ƙarfe ne, kullum sai ya sa ƙofa kuka. Mara lafiyan muke lalubewa, keken kuma aikin Mai Ido ne."

Sufeto ta kalli agogo, ta sa aka kawo keken da mai tura shi. Ta juya matashin zama. An farke ɗinkin, an yanke soso daidai girman guntun da ke hannunta. Nan take mai tura keken ya zube, ya nuna fasinjan da aka ajiye wa bindigar, aka yi awon gaba da su.

"Na'ura ba ta ga keken ba, kai kuma ba ka duba ba," ta ce wa Mai Ido.

Muryarsa ta yi sanyi. "Shekara tara mai tura keken nan yana gaishe ni. Baba yake ce mini."

"Shi ya sa. Baƙo kake karantawa, ɗan gida kuwa hannu kake ɗaga masa."

Ana kiran ƙarshe tela ya wuce su a guje, takalmansa a hannu. Mai Ido ya kasa kallon fuskarsa.