Sunan da Ya Ƙi Goguwa

Auta yarinya ce mai ruwan ido. In aka ba ta riga biyu ta zaɓa, sai rana ta take tana ta juya su.

A farkon zango, aka ce kowane ɗan ajinsu ya zaɓi darasi ɗaya, ko zane, ko saƙa da rini. Ɗakin zane kujera ashirin kawai gare shi. Wanda ya riga rubuta sunansa, shi ke da kujera.

"Mama, zane zan ɗauka ko saƙa?" in ji Auta.

"Wanne kike so?"

"Duka biyun."

Mama ta yi dariya. "Oh ni! Ke dai ki yi sauri, uwar ruwan ido. Kujera ba ta jiran mai dogon tunani."

Ran Litinin Auta ta ce saƙa. Ran Talata ta ce zane. Ran Laraba ta ce bari ta ƙara tunani. Sai ran Alhamis ta tsai da magana a kan zane. Da aka fita tara, ta ruga ɗakin zane a guje.

Babu kowa a ciki. An saki labule, ɗakin ya yi duhu-duhu. A kan kabad akwai wani farin kan mutum da aka gina da yumɓu. Idanunsa farare ne fat, babu ƙwaya, amma duk inda ka tsaya sai ka ga kamar kai yake kallo.

Takardar sunaye ita ce ta sama a babban littafin malamin zane. Auta ta duba. An cika! A lamba ta ashirin akwai sunan wata yarinya da ake ce wa Shiru-shiru, don ba ta cika magana ba. Ta danna fensir sosai wajen rubutun, kamar mai tsoron kada sunan ya gudu.

Auta ta waiga dama, ta waiga hagu. Ta ciro magogi ta goge sunan tas. Ta rubuta nata a hankali. Ta hure takardar ta fita, ba ta yarda ta dubi kan kabad ba.

Ran Litinin aka kira sunaye. Shiru-shiru ta matso kusa da tebur.

"Malam, na rubuta nawa," ta ce, muryarta can ƙasa.

Malam ya bi takardar da yatsa. "Ban gan shi ba, 'yata. Sai ki tafi ɗakin saƙa."

Shiru-shiru ta juya. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Kujera ta ashirin tana jikin bango, bayan bangon kuma ɗakin saƙa ne. Auta tana zama ta fara jin ƙarar masaƙa. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Can sai ta ji wani abu dabam. Tari ne, siriri, kamar daga cikin bangon yake fitowa.

"Kin ji?" ta tambayi ta kusa da ita.

"Na ji me? Ni ban ji komai ba."

Washegari ma haka. Da ta ɗora fensir a takarda, sai tarin ya taso. Da ta ɗaga kai, sai ta haɗa ido da farin kan nan. Ko layi ɗaya ta kasa ja a miƙe.

A gida Mama ta lura. "Auta, lafiya? Kin sami zanen da kike so, kuma kin bi kin tsure."

"Ba komai, Mama."

"Hmm. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as."

Auta ta sunkuyar da kai, ta yi kamar tana neman takalminta.

A rana ta uku Malam ya ce, "Yau za mu koyi yin inuwa. Ku kwantar da bakin fensir, ku yi ta shafa shi a hankali har takardar ta yi duhu."

Ya ɗauko babban littafinsa ya fara yago takardu. Ta bango ya faro rabo, don haka Auta ce ta sami ta farko. Fara ce sol, babu ko ɗigo.

Ta kwantar da fensir ta fara shafawa daga ƙasa. Takardar ta fara duhu. Sai ga wani farin layi ya fito a cikin duhun. Ta ƙara shafawa don ta rufe shi. Maimakon ya ɓace, sai ya zama harafi. Wani harafin ya biyo baya, sannan wani.

Tsigar jikinta ta tashi. Sunan Shiru-shiru ne, fari tas, da lamba ashirin a gefensa. Sunan da ta goge da hannunta! A daidai lokacin kuma tarin ya taso daga bango.

"Wayyo Allah!" Auta ta wurgar da fensir ta miƙe. "Ya dawo! Malam, ya dawo!"

Duk ajin suka juyo. Malam ya zo ya ɗaga takardar, ya daɗe yana dubawa.

"Kwantar da hankalinki, ba aljani ba ne," ya ce. "Wannan ita ce takardar da ke ƙarƙashin ta sunaye. Mai sunan ta danna fensir, sai ya bar gurbi a nan. Magogi yana goge baƙin fensir, amma ba ya cike gurbi." Ya dube ta. "Abin da ban gane ba shi ne, yaya aka yi sunanki ya hau lambarta?"

Auta ta fashe da kuka. "Ni na goge, Malam. Na makara ne, na tarar an cika."

Malam ya aika a kira Shiru-shiru. Ta shigo tare da malamar saƙa, idanunta sun yi ja.

"Dama ina shirin zuwa wajenka," in ji Malama. "Ƙurar auduga ba ta yi wa yarinyar nan daɗi. Kwana uku ke nan tana tari a jikin bango, ta ƙi faɗa wa kowa."

Nan Auta ta gane. Ashe tarin na gaske ne, kuma ita ta jawo shi. Wannan ya fi tsoron yi mata ciwo.

"Ki yafe mini," ta ce. "Ga kujerarki. Dama taki ce."

Shiru-shiru ta yi ɗan murmushi. "Na yafe. Ai kin ɗumama mini ita."

Duk ajin suka kwashe da dariya, don ba su taɓa jin ta yi wasa ba. Malam ya ce Auta za ta share ɗakunan biyu har mako guda, kuma da bakinta za ta gaya wa mahaifiyarta.

Da ta gaya mata, Mama ta ce, "Laifin babba ne, amma faɗin gaskiyar ya fi shi girma. Gobe ki je inda rabonki yake."

A ɗakin saƙa, Malama ta miƙa mata takarda da fensir.

"Fensir kuma, Malama? A nan?"

"To da me kike zato ake fara adon saƙa? Sai an zana shi a takarda kafin zare ya bi."

Auta ta zana tsuntsaye uku, layinta a miƙe sarai. Kafin ƙarshen zango ta saƙa su a ɗan ƙyalle, ta kai wa Shiru-shiru ta riƙa naɗe fensiranta.

Yanzu in Auta ta zauna a masaƙa, takan ƙwanƙwasa bango sau biyu. Daga can sai a amsa mata sau biyu, babu tari.

Tun daga nan Auta ta daina jan ƙafa wajen zaɓi. Ta kuma gane cewa haƙƙin wani ba ya goguwa. Ko ka goge shi a sama, gurbinsa yana nan a ƙasa.