Kofi Uku Na Mayar Wa Mama Rachael

"Ki sha mana, Afiniki! Ko kurɓa ɗaya..."

Yafet ne ke min raɗa, yana taka min ƙafa a ƙarƙashin benci. Ga kunun zaƙi a gabana, ga mahaifiyarsa, Mama Rachael, tsaye a kaina da ludayi. Da idona na ga ta juye sukari gwangwani uku a robar kunun.

"Na gode Mama, na ƙoshi."

Zuwana na uku ke nan Fadan Kagoma gaishe ta, kofi na uku ke nan da na mayar. Ta ɗauke shi.

A kan mashin, hanyar komawa Kafanchan, na sauke masa kwandon masifa.

"Wata biyu ina fama! Nas ta ce in rage ƙiba, in bar sukari, in ba haka ba ciwon da ya cinye ƙafar Babana yana hanya. Da ƙyar na sauke kilo biyar, kai kuma kullum cincin da lemon kwalba kake kawo min!"

"Ni haka nake son ki, bebina..."

"Har a gadon asibiti?"

"To bari in faɗa wa Mama gaskiya."

"Kar ka soma! So kake danginku su ce mai ciwo za ka kwaso?"

Taurin kaina ne ya buɗe wa Yemima ƙofa. Maƙwabciyarsu ce, tun suna sakandare take mutuwar son Yafet. Ita kam kofi biyu take shanyewa har da lashe baki. Ita ta je ta zuga Mama, wai 'yar birni tsoro take kada a sa mata magani. A wajenmu kuwa, ka ƙi abin sha daga hannun mutum har sau uku, ka gama zagin sa.

Ran Laraba Yafet ya kira.

"Mama ta ce ba za ta taka gidanku ran Asabar ba. Kin san in babu ita, babu mai zuwa tambayar aure."

Haushi kamar in shaƙe Yemima, in shaƙe Yafet, in haɗa da kaina!

Washegari na tafi ni kaɗai. Na same ta tana wanke citta a tsakar gida, na durƙusa.

"Ni mayya ne?" ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "Ni da na haifi Yafet, ni zan kashe matan shi?"

Sai hawaye suka zubo min. Na faɗa mata komai, ƙafar Baba, maganar nas, da tsoron da ya rufe min baki.

Ta saki cittar a ruwa.

"Suga? Duk wannan wahala suga ne?"

"E, Mama..."

"Yesu! Kowane zuwa ina ƙara gwangwani ɗaya, ina cewa bai yi ma yarinyan birni zaƙi ba! Ba ki da baki ne? Tashi, kafin in make ki da ludayi!"

Ta jawo ni jikinta, hannunta jiƙe, tana faɗa tana share min fuska da zaninta.

Ran Asabar ita ce a gaban dangi zuwa gidanmu, da jarkar kunu a kanta. Dawa ce da citta zalla, ko ƙwayar sukari babu. Na shanye kofi biyu a gabanta.

Yafet ya kurɓa, ya yamutsa fuska kamar an ba shi maganin zazzaɓi.

"Haba Mama, ko ɗan cokali..."

"Sha! Abin da matanka ya sha, shi za ka sha daga yau."

Ya juyo yana neman ceto a wurina. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin benci.

"Ka sha mana, masoyi. Ko kurɓa ɗaya..."