Tagar da Zulaihat Ta Ce a Fasa

"Ke Zulai! Fito nan don gidanku!"

Cokalin da ke hannun Zulaihat ya faɗa cikin tukunyar miya. Muryar Gwaggo Mero ce, ƙanwar Babanta, wadda tun safe ta ja ragamar mata suka tafi ganin ɗaki, don a auno inda za a kafa gado da kujerun amarya. Ko sallama ba ta yi ba.

"Sannunku da dawowa Gwaggo..."

"Riƙe sannunki! Wa ya ce a fasa taga a ɗakin girki na gidan can?"

Zulaihat ta fito daga bakin murhu ta tsaya.

"Magana nake maki! Muna tsaka da awo maƙwabciyar ta shigo da ruwan sanyi, wata Tani, baki har kunne. Wai ina amaryar tamu mai kunya? Wai ai ta sanki, ke kika ce a fasa tagar don ku riƙa gaisawa ta katanga. A gaban dangin miji, Zulai! Da ƙasa ta tsage da na shige!"

Inna ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, tana kallon ɗiyarta.

"Zulaihat, kin taɓa zuwa gidan?"

Zulaihat ta sunkuyar da kai.

Kowa ya san amarya ba ta ganin ɗakinta sai ranar da aka kai ta, fuska a lulluɓe. Gani na gwaggonni ne. Ita ma ta sani sarai. Amma ranar da angon nata, Muhyiddeen, ya marairaice mata a waya, sai ta ji saninta bai hana komai ba.

"Haba Zuly na, ke za ki wuni a gidan nan fa, ni fita zan riƙa yi ofis. Ya zan saya maki kurkuku ban sani ba? Ki ce gun tela za ki."

Haka aka yi ta zuwa gun tela duk Asabar. Dillali a gaba bisa mashin, su a baya cikin mota, ta ja hijabi har kan hanci. Gidan farko ya burge shi, ga tayil ga fenti sabo, ita ko ta tsaya tana kallon gindin katangar waje inda ruwan damina ya bar zane har gwiwa. Na biyu jikin injin niƙa yake. Wani kuma can bayan gari, ba masallaci, ba maƙwabci sai kangwaye. Ba ta cewa komai, sai dai ta sunkuyar da kai, shi kuma ya yi dariya.

"Na gane, ranki ya daɗe. Malam dillali, mu je gaba."

Sai da suka kai sabuwar unguwar nan ta hanyar Batagarawa, inda gidaje suka bazu har ido ya gaji. Ɗan madaidaicin gida bisa tudu, famfon burtsatse a bakin layi, muryar 'yan Islamiyya na tashi daga bayansa. Tana shiga tsakar gidan ta ji iska ta daki fuskarta. Ita da ta tashi a lungun Ƙofar Durbi, inda in maƙwabci ya yi tari sai ka ce mashi sannu.

"Nan," ta ce a hankali.

"Mi kika ce? Ƙara faɗi in ji!"

"Yaya Deeni mana..."

"Wallahi an gama! Ko zan sayar da motar nan."

Murna ce ta sake mata baki har ta yi zancen taga. Kalma ɗaya, a gaban matar da ta leƙo yi masu barka.

Yanzu ga Gwaggo tana tafa hannu.

"Kuma kin san wa ya yi ta jan matar da hira? Bashira, ɗiyar ƙanwar Hajiyar su Muhyiddeen, wadda ta kawo mana makulli. Wai yaushe suka zo, wai su biyu kaɗai? Tana tambaya tana danna waya. Kafin mu hau Napep labari ya isa gun Hajiya a Ƙofar Marusa!"

Zulaihat ta ruga ɗaki ta faɗa kan katifa. Ta san Bashira. Tun ranar kawo lefe take binta da wani kallo, tana yatsina wai atamfofin sun yi wa 'yar lungu yawa.

Wayarta ta hau ruri.

"Habibty, kina ji na? Kar ki yi kuka."

"Yaya Deeni mun shiga uku..."

"Saurara. Hajiya ta ɗau zafi. Kin san so take in zauna sashen marigayi Alhaji cikin gida, kamar yayyena. Da ƙyar ta bar ni na fita, don na ce mata ra'ayina ne ni kaɗai, saboda kusa da wurin aiki. Yanzu cewa take ke kika janye ni tun ba ki shigo ba."

"Ni wallahi ban..."

"Na sani! Abu ɗaya za ki yi man. In an tambaye ki, ki ce ba ke ba ce. Zan ce wata 'yar ofis ɗinmu na kai ta duba man. Matar ba ta ga fuskarki sosai ba."

"In yi wa Baba ƙarya?"

"Sau ɗaya, Zuly. Don mu."

Bayan la'asar Babanta, Malam Yari, ya kira ta. Yana zaune kan buzunsa, ya cire tabarau ya ajiye. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba.

"Uwata, Hajiya Saudatu ta aiko. Na ce masu ɗiyata ba ta taɓa yi man ƙarya ba, abin da ta faɗa shi zan maida masu. In kin ce ba ki je ba, har rantsuwa zan yi a kanki. Kin je?"

Maganar Muhyiddeen na nan kan harshenta, a shirye. Ta buɗe baki. Ta dubi farin gemun Baba, ta tuna rantsuwa ya ce zai yi.

"Na je, Baba."

"Ku biyu?"

"Da dillali... wani lokacin shina jira a waje."

Malam ya gyara zama kan buzun.

"Da kin tambaye ni, da na haɗa ki da Gwaggonki kun tafi da rana tsaka. Mi ya hana ki tambaya?"

"Kunya nake ji..."

"Kunya." Ya maida tabaraunsa. "Tashi ki je. Allah ya shirya."

Kwanakin da suka biyo baya, manya suka yi ta zarya tsakanin Ƙofar Durbi da Ƙofar Marusa. Zulaihat ba ta da bakin magana, sai dai ta tsinci labari daga bayan labule. An ce kawun Muhyiddeen ya roƙi Hajiya. An ce limamin unguwarsu ma ya sa baki. An ce Hajiya ta ce yarinyar da ta iya zaɓa wa ɗanta unguwa a ɓoye, gobe uwa za ta zaɓa mashi. Da maganar ta dawo kunnen Malam cewa ana yawo da sunan ɗiyarsa a gidajen biki, wai ta shiga kango da namiji, sai ya ce a haɗa masu kayan lefensu.

Ranar da za a zo ɗauka, Muhyiddeen ya riga 'yan aiken isowa. Inna ta kau da kai, ta bar ta ta fita zaure.

Ya rame. Hular ma a karkace take.

"Mi ya sa, Zuly? Kalma ɗaya fa na roƙe ki."

"Rantsuwa zai yi, Yaya Deeni."

Ya jingina da bango ya rufe ido.

"Na ce mata zan sayar da gidan. Na ce zan dawo sashen Alhaji, in zauna har in mutu. Na durƙusa, wallahi na riƙe ƙafafunta."

"Sai ta ce mi?"

"Ta ce gida ba shi da laifi, a bar shi." Ya buɗe ido ya dube ta. "Ta ce in na ƙara tako nan da sunan neman aure, ba ta yafe ba."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Bashira za a kai ciki ko?"

"Kar ki ce haka! Ni ke nake so, ke kaɗai, Allah shi ne shaida! Ki jira ni, masoyiyata. Za ta huce."

"Har yaushe?"

Ya kau da kai.

"Yaya Deeni, har yaushe zan ce wa Baba?"

Ta jira, ta ƙara jira, tana kallon takalminsa da ya yi ƙura. A waje motar ɗaukar kaya ta tsaya, 'yan aiken suka yi sallama suka wuce ciki.

Daga cikin gida muryar Gwaggo Mero ta taso, a dashe, ba faɗa a cikinta yau.

"Zulai, ku ba su hanya."

Zauren ƙarami ne. Ta matsa ta manne da bango ɗaya, shi ma ya manne da ɗayan. Akwatunan lefenta suka fara wucewa ta tsakaninsu, ɗaya bayan ɗaya, a kan matan da ba su dubi kowa ba. Ta saman kowane akwati tana hango idanunsa, jajur, suna roƙonta abin da ba ta da shi.

Da na ƙarshe ya fita, sai wata dattijuwa cikin 'yan aiken ta juyo daga bakin ƙofa.

"Muhyiddeen, Hajiya ta ce ka tuƙo mu."

Ya dubi Zulaihat.

Ita ce ta fara sunkuyar da kai. Shi kuma ya laluba aljihu, ya ciro makullin mota, ya bi bayansu.