Ɓarawon da Ya Ɗaure Wayoyi

Da hantsi wani tsohon likita ya shigo caji ofis yana huci. Ya kai keken mahaifinsa gyara, keken da ya girmi kowa a ofishin, an wayi gari cibiyar tayar baya ta ɓace, wato ƙarfen tsakiya da wayoyin taya ke kamawa. An daina ƙera irinta tun kafin a haifi Sufeto.

"Mai gyaran ne ya sayar," in ji likitan. "Ku kulle shi."

Sufeto bai cika son a gama masa bincike tun daga bakin ƙofa ba. Ya ɗauki hularsa, ya kira kofur ya raka shi.

A shagon, kwaɗo lafiya lau. Gargaren tayar na jingine da bango, wayoyin kuwa an kwance su ɗaya bayan ɗaya, an jera, an ɗaure da guntun tsohon tiyub.

"Kai ka ɗaure su?"

"A'a, ranka ya daɗe," in ji mai gyaran. "Haka na tarar."

"Ɓarawo mai tarbiyya. Wa ke da makulli bayan kai?"

"Babu kowa."

Ya faɗa da saurin da ya sa Sufeto bai yarda ba.

Mai walda na maƙwabta ya rantse bai ga komai ba, sana'arsa ma rufe ido take sa shi. Da Sufeto ya fara tambayar lasisin injinsa, sai ganinsa ya dawo.

"Yayan mai gyaran ne ya buɗe shagon nan tun asali. Ya bar aiki, amma bai bar makulli ba. Jiya na ji suna musu a kan guduma."

Sufeto ya tarar da yayan a zaure, ya lulluɓe hannuwa cikin riga.

"Ni da keke ai sai kallo, ɗana. Idona ya mutu, hannuna rawa yake."

Matarsa ta leƙo da butar ruwa.

"Yallaɓai, tunda ka zo, ka bincika min wanda ya kwashe kananzir ɗina. Da farantin baƙi. Da buroshin haƙorina."

"Ke, koma ciki!"

Sufeto ya miƙe, ya gyara hula.

"Shi ke nan, Baba. Tunda babu mai makulli sai ƙaninka, gobe zan kai shi kotu. Wa zai sake ba shi keke bayan haka, oho."

Ya kai bakin ƙofa kafin tsohon ya yi magana.

"Guduma fa ya ɗauko! Guduma, a kan cibiyar da ta girme shi! Wai sandar ƙarfen da ke cikinta ta cije. Na ce ya jiƙa ta a kananzir ta kwana, ya ce zamani ya wuce ni."

Ya jawo farantin daga ƙarƙashin kujera da hannuwa baƙi ƙirin da giris. Ga cibiyar tana sheƙi, ƙwayoyin boris da take juyawa a kansu a wanke, kowace ta koma gurbinta.

"Da na gama zan mayar."

"Ƙaninka ya san kai ne. Ya gwammace a kulle shi."

Tsohon ya dubi cibiyar. Can ya ce, "Sakarai. Tun yana yaro haka yake."

"Baba, shiga shagon mutum ka ɗauki kayan wani, doka tana da sunan da take kiransa. Mu je."

"Saura noti ɗaya."

Sufeto ya dubi agogo, ya zauna. Tsohon ya ɗaure notin, ya sassauta kaɗan, ya sake ɗaurewa, sannan ya juya cibiyar kusa da kunnensa. Ko ƙis ba ta yi ba.

A hanya tsohon ya ƙi bari kofur ya riƙe ta.

"Zai yar."

Haka suka shiga caji ofis, wanda ake zargi a gaba, rungume da shaidar da za a kai shi kotu da ita, yana goge ta da bakin rigarsa.